Riƙon Baligi a Gidanki: Jagora ga Mai Shirin Shiga Aikin a Amurka

Shekarun nan, duk inda matanmu suka taru a Wusta ko Boston, gidan suna ne ko filin Idi, da wuya a watse ba a taɓo maganar aikin nan da ake biyan mutum yana zaune a gidansa ba. Wata ta gaji da sammakon zuwa gidan kula da tsofaffi, wata 'ya'yanta sun tashi ɗaki ya zama babu kowa, wata kuwa mahaifiyarta take jinya, ta ji an ce gwamnati na iya biyanta a kan hakan. Wannan aikin nake yi a jihar Masacusets, na kuma ga sababbi da yawa sun shigo da zumuɗi sun fita da ɓacin rai, wasu har da bincike a kansu. Kurakuran ba sa canzawa, yawancinsu kuma tushensu ɗaya: mukan shigo da fahimtar riƙo irin ta gida, inda wanda aka riƙa ke ƙarƙashin ikon mai riƙonsa, ya ci abin da aka dafa, ya kwanta in an kashe fitila. Wanda za a kawo miki a nan baligi ne, doka na tsaye a bayansa. Yana da ikon ƙin abincinki, ƙin wanka, har ƙin ke kanki, duk a cikin gidan da ke kike biyan hayarsa. In kin san ba za ki iya haɗiye wannan ba, gara ki nemi wata sana'a tun kafin a taso bawan Allah daga inda yake.

Da mace nake magana saboda mata suka fi yawa a cikinmu. Maza ma na yi, kuma komai ya shafe su.

Yadda tsarin yake

Kuɗin galibi daga Medicaid yake fitowa, wato inshorar lafiyar da gwamnatin Amurka ta kafa a 1965 domin masu ƙaramin ƙarfi. A 1981 aka ba jihohi damar kashe kuɗin wajen kula da mutum a gida maimakon kwantar da shi a gidan jinya, Oregon ce kuma ta fara samun izinin. A 1999 Kotun Ƙoli ta yanke a shari'ar Olmstead cewa killace mai naƙasa a asibiti, alhali zai iya zama cikin jama'a, wariya ce. Shi ya sa jihohi ke neman gidaje irin namu.

Sai dai kowace jiha da nata tsarin. A Oregon mutum kan karɓi lasisi daga jiha ya riƙi har mutum biyar. A Mishigan gidan iyali kan ɗauki har shida. A Masacusets kuwa ba ki da ruwa da lasisi: kina ƙulla yarjejeniya ne da wata hukuma mai zaman kanta wadda MassHealth, wato Medicaid ɗin jihar, ta amince da ita, kuma ba a wuce mutum uku a gida ɗaya. Hukumar ce ke turo nas da jami'in kulawa, ita ke biyanki. Tsarin Masacusets zan bi a nan. Wadda ke wata jiha ta nemi dokar jiharta, kada ta dogara da abin da ƙawarta ta faɗa mata a waya.

Abin da za a nema daga gare ki

Shekara 18 zuwa sama, da takardun zama da na aiki ingantattu. Zama a gida ɗaya da wanda za ki riƙa, dare da rana. Takardar likita cewa jikinki zai iya, da gwajin tarin fuka. Binciken tarihin laifi, wanda a jihar nan ake kira CORI. Mutanen da za su tsaya miki shaida. Ɗakin kwana na kirki mai taga da ɗumi. Horon farko da hukumar za ta ba ki. Ki haɗa da na taimakon gaggawa da na farfaɗo da numfashi ko da ba a tilasta miki ba.

Kina iya riƙon ɗan'uwanki na jini, uwa ko uba ko ƙani, amma mata ba ta karɓar kuɗi a kan mijinta, miji ma haka, haka nan iyayen wanda bai kai 18 ba. Shi kuma wanda za a riƙa dole ya kai 16, yana da irin rajistar MassHealth da ta cancanta, likitansa kuma ya rubuta cewa kullum yana buƙatar taimako wajen wanka, sa kaya, shiga bayi, tashi da zama, tafiya ko cin abinci. Masu shirin ɗauko Hajiya daga Kano ko Kumasi su lura: dokar tarayya ta 1996 ta sa yawancin sababbin masu katin zama sai sun jira shekara biyar kafin su samu cikakken Medicaid.

1. Fara da mutanen gidanki

Kafin ki kira kowace hukuma, zauna da maigida da yara. Ba sanarwa za ki yi musu ba, shawara za ki nema, domin baƙon zai raba bayi da su, zai zauna a falonsu, wataƙila ya yi ta kiran suna da ƙarfe uku na dare. Yaron da aka kwashe daga ɗakinsa ba da son ransa ba zai huce a kan tsohon, ko da da kallo ne, tsofaffi kuwa suna karanta kallo.

A nan ne kuma za ku warware maganar addini, wadda mutanenmu ke kauce mata sai ta taso. Za ki iya yi wa namijin da ba muharraminki ba wanka da tsarki? Maigida ya yarda? In wanda aka kawo yana son naman alade a firiji, ko kwalbar giya ranar Asabar, ko a kai shi coci ranar Lahadi, ko yana da karen da ba ya rabuwa da shi, yaya za a yi? Babu laifi ki ce mace kawai za ki ɗauka, ko ki ce ba a shigo miki da alade. Hukuma za ta nemo wanda ya dace da sharaɗinki, ko da zai ɗauki lokaci. Laifin shi ne ki yi shiru don kada ki rasa kuɗin, sannan bayan mutum ya tare ki fara kafa masa dokoki. In ke mai haya ce, sanar da mai gidan a rubuce. In kuma gidan tallafin gwamnati kike ciki, kada kowa ya tare sai ofishin gidajen ya sani.

2. Zaɓen hukuma

Hukumomin suna da yawa, ba kuma duka suke ɗaya ba. Kada ki tsaya ga tambayar nawa suke biya. Tambayi wa zai ɗaga waya in abu ya faru da tsakar dare, mutum nawa ke hannun nas ɗaya, yaya suke yi in kina buƙatar hutu, ranar nawa ga wata kuɗi ke shiga. Biyan mataki biyu ne, gwargwadon nauyin hidimar, na biyu ya fi na farko. Duk hukumar da ta nuna miki za ta ƙara wa mutum ciwo a takarda don ya hau mataki na biyu, ki guje ta, domin ranar da asiri ya tonu sa hannunki za a gani a ƙasan takardar.

3. Gyaran gida

Za a zo duba gidan kafin a amince, amma kada ki gyara shi don mai dubawa, ki gyara don wanda ƙafarsa ba ta ɗaguwa sosai kuma idonsa ya yi rauni. Yawancinmu a Wusta muna zaune ne a tsofaffin gidajen katako masu hawa uku, matakalarsu a tsaye kuma ƙunci. Mai sandar dogarawa ba zai rayu a hawa na uku ba, in ma ya hau, ranar gobara ba mai iya sauko da shi. Ɗakin ƙarƙashin ƙasa marar ƙofar fita ta biyu shi ma ba wurin kwanan mutum ba ne.

Akwai haɗurran da suka keɓanta da gidajenmu, waɗanda takardar dubawa ba ta san da su ba. Tarin takalma a bakin ƙofa. Dardumar salla da aka bari a shimfiɗe a hanyar bayi. Ruwan alwala a kan tayil, wanda mai lafiya zai tsallake bai ma lura ba, tsoho kuwa ya karya ƙugu a kai. Sai turaren wuta: mata da yawa kan cire batirin na'urar jin hayaƙi don ta daina ihu in an sa garwashi ko ana suya, su mance ba su mayar ba. Kada ki taɓa yin haka. In kuwa wanda kike riƙo yana amfani da iskar oksijin, kin yi sallama da garwashi, kyandir da taba a gidan, domin oksijin na sa ƙaramar wuta ta tashi nan take.

Sa ƙarfen kamawa a bayi, wanda aka ɗaure da bango, ba mai manne da roba ba. Sa kujerar wanka da fitilar dare a hanya. Rage zafin tukunyar ruwa zuwa digiri 120 a ma'aunin Amurka, wato 49 a wanda muka saba, saboda fatar tsoho siririya ce, mai ciwon suga kuma yakan ƙone bai ji ba. Tabbatar na'urar gano iskar kabon monoksaid na aiki, da tukunyar kashe gobara a kicin. Da hunturu, kankare ƙanƙarar bakin ƙofa ki zuba gishiri kafin ya fito, kada kuma ki rage hita don tsimin kuɗin gas.

4. Haɗuwa kafin tarewa

In ba ɗan'uwanki ba ne, hukuma za ta haɗa ku. Kunya ba ta da amfani a wannan zama. Yana barci da dare? Yana riƙe fitsari da bayan gida? Ya taɓa dukan mai kula da shi? Yana fita ya ɓace? Yana shan taba? Nauyinsa nawa, kuma yana iya tsayawa da ƙafarsa in an tallafe shi? Me ya raba shi da inda ya baro? Su wa ke zuwa ganinsa? Wa ke da ikon yanke masa shawara in ya kasa, wakilin lafiya da ya zaɓa da kansa ko waliyyin da kotu ta naɗa? Duk amsar da aka yi miki kwana-kwana a kanta, sake tambaya.

Roƙi ya zo ya ci abinci da ku, in zai yiwu ya kwana ɗaya ko biyu, domin halin dare dabam yake da na rana. Ki tuna shi ma duba ki yake yi, yana da damar cewa a'a. Ke ma kina da ita, kuma a'a a wannan mataki ta fi sauƙi nesa. Mayar da mai ciwon mantuwa bayan ya fara sabawa da wuri yakan ƙara rikita shi, wani ba ya komawa yadda yake.

5. Makonnin farko

A nan ne tarbiyyarmu ke taimakonmu, a nan ne kuma take yaudararmu. Mun iya girmama tsoho, mun iya haƙuri da shi. Abin da ba mu saba ba shi ne barinsa ya yi abin da muke ganin kuskure ne.

Fara da suna. Bakinki zai so ya ce Baba ko Mama, amma tsohuwar Ba'amurkiya da ta yi shekara talatin tana koyarwa tana iya jin haka a matsayin raini. Tambaye ta yadda take so a kira ta. Ƙwanƙwasa ƙofa kafin ki shiga, ko da kin san ba ta ji sosai. Kada ki buɗe mata wasiƙa, kada ki tsaya a kanta tana waya, kada ki gyara mata ɗaki yadda ke kike so. Ƙa'idar da gwamnatin tarayya ta fitar a 2014 kan gidajen da Medicaid ke biya a yi hidima a cikinsu ta tanadi irin waɗannan haƙƙoƙi: mutum ya samu sirri a ɗakinsa, ya tsara lokacinsa, ya ci abinci sa'ad da ya so, ya karɓi baƙi.

In ya ƙi wanka yau, ba a jansa. A bari zuwa an jima, a canza dabara, a ɗumama bayin tukuna, a ba shi zaɓi tsakanin safe da yamma. In ƙin ya ɗore, a rubuta a gaya wa nas. Mai ciwon mantuwa da ya tashi da la'asar yana cewa zai tafi wurin aiki ko wurin uwarsa da ta rasu tuntuni, gardama ba ta dawo da shi. Faɗa masa cewa ta mutu sabon makoki ne a gare shi kowace rana. Tambaye shi labarinta, ba shi shayi, ku ɗan zaga tare.

Abu uku kada ko da wasa: ɗaure shi a kujera da zani don kada ya faɗi, kulle shi a ɗaki don kada ya fita, da ƙara masa maganin barci don ki samu sararin kanki. A gida wataƙila a kira wannan dabara, a nan sunansa cin zarafi. In yana yawan fita, nas da jami'in kulawa za su tsara abin yi, kamar ƙararrawa a ƙofa. Ki kuma sani doka ta ɗora miki kai rahoto in kin ga alamar wani na cutar da shi, ko da ɗansa ne ke kwashe masa kuɗi. A jihar nan akwai hukumar kare masu naƙasa 'yan shekara 18 zuwa 59, da wani layin dabam na 'yan 60 zuwa sama. Maganar rufin asiri ba ta shiga nan. Hotonsa kuwa, da labarin ciwonsa, ba na zauren WhatsApp ba ne, ko da da niyyar neman addu'a.

6. Tukunya da magani

Girkinmu na da daɗi, amma ba a tsara shi don mai hawan jini da ciwon ƙoda ba. Dunƙulen magi, kanwa da gishiri duk suna ƙara hawan jini. Raba masa miyarsa kafin ki sa su. In yana shan warfarin, maganin da ke hana jini daskarewa, ganye irin alayyafo na rage ƙarfinsa. Ba a hana ci ba, abin da ba a so shi ne wannan mako babu ko kaɗan, mako mai zuwa kullum miyar ganye. Zoɓo na saukar da jini, don haka a tambayi likita kafin a mayar da shi abin shan mai maganin hawan jini. Garehul kuma ba ya jituwa da wasu magungunan kitsen jini da na zuciya.

Wanda ya yi shanyewar ɓarin jiki ko ciwon mantuwarsa ya yi nisa yakan samu matsalar haɗiya. Lomar tuwo ko sakwara mai danƙo, tsokar nama, gyaɗa, har ruwa tsinkakke na iya bi masa ta hanyar iska. Alamun su ne tari lokacin cin abinci, murya ta koma kamar da ruwa a maƙogwaro, abinci ya taru a kunci. In kin ga haka nemi a turo mai gwajin haɗiya, shi zai faɗi laushin abinci da kaurin abin sha. Zaunar da shi a miƙe, kada ki ba shi a kwance, kada kuma ki yi masa ɗura don kina sauri.

Da azumi za ki dafa masa abincin rana kina jin ƙamshi, wannan na cikin aikin. In shi Musulmi ne mai ciwon suga kuma ya nace zai yi azumi, shawarar tasa ce, amma likita ya sani tun Sha'aban don a gyara lokutan magani. Suga in ya sauka ƙasa da 70, ga rawar jiki, gumi da ruɗewa, a ba shi rabin kofin lemon kwali mai zaƙi nan take in yana iya haɗiya, a sake aunawa bayan minti 15.

Magani kuwa, abin da likita ya rubuta kaɗai. Duba suna, duba adadi, duba lokaci, kowane karo, ko da kin haddace. Kada ki niƙa ƙwaya sai mai kantin magani ya ce ana niƙawa, domin wasu an yi su ne su narke a hankali cikin yini, in aka farfasa sai ƙarfinsu ya sauka gaba ɗaya. In an tsallake lokaci kada a ninka, a kira nas. Sannan ga abin da ya fi kama mutanenmu: jiƙo, habbatus sauda, garin da aka aiko daga gida, ko ragowar maganin ciwon jikinki. Niyyarki alheri ce, amma ba ki san yadda zai haɗu da ƙwayoyi takwas da yake sha ba, in kuma wani abu ya faru ba ki da abin faɗa.

7. Jikinsa da naki

Bayanki shi ne jarinki. Koyi ɗagawa wurin nas ko mai gashin ƙashi: ƙafa a ware, gwiwa a lanƙwashe, ɗamarar ɗagawa a ƙugunsa, keken a kulle. Kada ki ja shi ta hammata, kada ya rataya a wuyanki. In ba ya iya tsayawa, nemi injin ɗagawa. Wanda ke kwance a juya shi duk awa biyu, a duba ƙugu, gindin baya da dugadugai. Jan tabon da bai washe ba bayan an sauke nauyi farkon gyambon kwanciya ne. A baƙar fata ba ya yin ja, sai dai wurin ya yi duhu, ko tauri, ko zafi, don haka sai an taɓa da hannu.

In ya faɗi kada ki yi saurin ɗaga shi. In ya bugu a ka, musamman mai shan maganin tsinka jini, ko ya kasa motsa ƙafa, kira 911 ko da ya ce lafiyarsa ƙalau. Haka in baki ya karkace, hannu ya saki, magana ta sarƙe. Ki kuma riƙe lokacin da abin ya fara, don shi likitoci za su fara tambaya. Tsohon da jiya yake cikin hankalinsa yau ya wayi gari a rikice, kada a ce tsufa ne ko iska. Ruwa ba ya tsami banza: sau da yawa cutar mafitsara ce, ko ƙarancin ruwa a jiki, ko sabon magani. In yana da takardar nan ruwan hoda da ake kira MOLST, mai bayyana ko yana so a farfaɗo da shi, manna ta a firiji inda ma'aikatan motar asibiti za su gani, a kuma bi abin da ke ciki ko da zuciyarki ba ta so.

8. Biro da kuɗi

Kullum za ki rubuta abin da kika yi masa da abin da kika lura. Nas da jami'in kulawa za su riƙa zuwa a kai a kai, galibi duk wata, su karanta. Rubuta a ranar, kada ki tara na wata guda ki cike daren da za su zo da biro ɗaya da kalma ɗaya, sun san irinsa. Rubutun nan shi ne shaidarki ranar da 'yarsa da ba ta leƙo ba tun bara ta ga tabo a hannunsa ta ɗaga waya.

Duk ranar da bai kwana a gidan ba, asibiti ne ko wurin dangi, a sanar. Duk baƙon da zai daɗe, ƙanin maigida da ya zo daga gida zai yi wata uku, a sanar, don ana iya neman a bincike shi. Wadda ta tafi Hajji ko bikin ƙanwa ta bar tsohon a hannun maƙwabciya, takarda kuma ta nuna tana nan, ko wadda mahaifiyarta ta koma gida hutu kuɗi na ci gaba da shiga, zambar Medicaid ta yi. Ofishin babban lauyan jiha na da sashe na musamman a kan wannan, kuma ga wadda ba ta zama 'yar ƙasa ba hukuncin na iya taɓa takardun zamanta.

Medicaid hidima kaɗai take biya. Kuɗin ɗaki da abinci daga aljihunsa yake fitowa, don haka a rubuta adadin a yarjejeniya tun farko. Sauran kuɗinsa nasa ne: ba rance, ba kyauta mai tsoka, ba zubin adashi da sunansa, ba haɗa asusu. Duk abin da kika saya masa, ajiye rasit. In yana karɓar tallafin gwamnati na SSI, ajiyarsa kada ta haura dala 2,000, in ta haura tallafin na iya tsayawa.

Kuɗin da ake ba ki kuma, bisa sashe na 131 na dokar haraji da sanarwar da hukumar haraji ta tarayya ta fitar a 2014, galibi ba a cire masa haraji in kuna gida ɗaya. Wannan ne ke jan mutane, amma yana da ɗaya fuskar: kuɗin da ba a cire wa komai ba, yawanci ba ya tara miki fanshon gwamnati. Wadda za ta yi shekara goma a haka ta yi wa kanta tanadi, ta kuma nemi mai lissafin haraji da ya san wannan aiki.

9. Hutu, da ranar rabuwa

Aikin ba shi da tashi. Tun watan farko ki gabatar da wadda za ta riƙa karɓarki, hukuma ta bincike ta ta horar da ita, shi ma ya saba da fuskarta. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tsarin ya tanadi wasu kwanaki a shekara na mai riƙon wucin gadi, ki tambayi adadinsu ki kuma yi amfani da su. In ya cancanci zuwa cibiyar yini ta tsofaffi, bar shi ya je, ke ki yi barci ko ki je kasuwa. Ranar da kika ji kin fara daka masa tsawa, ko kina jin haushin kiran da yake miki, gaya wa jami'in kulawa kafin abin ya wuce tsawa.

Zaman kuma zai ƙare. Ko hidimar ta fi ƙarfin gida a mayar da shi gidan jinya, ko ya zaɓi wani wuri, ko ke ki gaji, ko ajali ya zo. In ke ce za ki janye, ba da wa'adin da yarjejeniya ta ce, kada ki kai shi sashen gaggawa na asibiti ki ƙi ɗaukowa. In yana ƙarƙashin masu kula da jinyar ƙarshe ya cika a gidanki, nas ɗinsu za ki fara kira. Maganar jana'iza a yi ta tun yana da baki: Musulmi a rubuta masallacin da za a kira da wanda zai yi wanka, don kada a tsaya neman lamba gawa na jira; wanda kuma ya bar wasiyyar a ƙona gawarsa, ba ki da hurumin hanawa. Kayansa a lissafa a gaban jami'in hukuma a miƙa wa magadansa da sa hannu. Biyanki na tsayawa ne daga ranar da ya bar gidan, kuma ana iya yin watanni kafin a samu wani da ya dace, don haka kada ki kama hayar da kuɗin riƙo kaɗai ke iya biya.